In shugaba shina aiki, a bar shi ya ƙetare doka?

Ya kai mai karatu, yau tambaya na kawo maka, kuma ina so ka tauna ta da kyau kafin ka ba da amsa.

A ce talakawa sun zaɓi shugaban ƙasa da ƙuri'arsu, ba wanda ya tilasta masu. A ce kuma mutumin ya fito nagari: shina gina ajin lekol, shina haƙa rijiyoyi, shina shiga ƙauye ya zauna ya saurari manoma. Doka ta ce shekara 5 zai yi, in an sake zaɓenshi ya ƙara 5, daga nan ya sauka. Ga wa'adi ya cika, ga aiki bai ƙare ba. To mi ya kamata? A bar shi ya ida aikinshi, ko a ce mashi ya tashi, wani wanda ba mu san halinshi ba ya zo ya zauna?

In ka kai wagga tambaya Yamai wajen masu karatun shari'a, kafin ka rufe baki sun ce maka doka doka ce. In ka kai ta kasuwar Agiye ko ta Gazawa, ba ka rasa dattijon da zai ce maka shi wanda ya ba shi ruwa ya sani, takarda ba ta shayar da akuya. Kada ka raina maganar dattijon. Shi ya san nisan rijiya, shi ya san mi ake ji in yaro ya kwana da zazzaɓi ba likita kusa.

Mu ƴan Nijar ba cikin littafi muka gamu da tambayar ba. A 2009 ta shigo gidajenmu, ta raba wa da ƙane.

Tanja Mamadu ya ci zaɓe a ƙarshen 1999, ya sake ci a 2004. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu cikin waɗanga shekaru ya ga abin da aka yi da idonshi. Daga 2001 aka shiga wani aiki da aka raɗa ma suna shiri na musamman na shugaban ƙasa. Aka gina ajujuwan siminti inda da sai rumfar kara. Aka gina ƙananan ɗakunan magani a ƙauyukan da mace mai naƙuda sai an ɗora ta bisa amalanke an yi tafiyar rabin yini. Aka yi ƙananan madatsun ruwa, aka ba ƙungiyoyin mata bashi. A 2006 aka ce yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a yi mashi magani kyauta. Shi ya sa mutanen karkara suka riƙa ce mashi Baba Tanja, kuma har zuci suke faɗa.

Bari in ɗan ratse kaɗan. Kuɗɗin wanga shiri ba daga aljihun shugaba suka fito ba. Bashin da ƙasashen waje suka yafe ma Nijar ne aka juya aka yi aikin da shi, wato dukiyar ƙasa ce, taka da tawa. In aka liƙa sunan mutum ɗaya bisa aikin da aka yi da dukiyar kowa, talaka sai ya ɗauki rijiya kyautar wane ce. Wanda aka yi ma kyauta kuwa godiya shike yi, ba ya tambayar nawa aka kashe, ba ya tambayar domi ɗakin magani ke rufe ba ma'aikaci ciki. Maganin kyauta ma haka ya samu: an sa hannu, an faɗa a rediyo, amma kuɗɗin da gwamnati ya kamata ta mayar ma gidajen likita suka riƙa makara wata da watanni, har kantocin magani suka bushe. Ba da oda abu ɗaya ne, oda ta zama magani a bakin yaro wani abu ne daban. Riƙe wagga magana, za mu komo gare ta.

Kundin tsarin mulki na 1999, wanda Tanja ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye, ya ce wa'adi biyu ne. Ya kuma ƙara da cewa wagga aya ba ta taɓuwa, ko majalisa ba ta da ikon sake ta. Wa'adin zai cika a Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 sai aka fara jin kalma ɗaya wurin taruka: tazarce. Hujjar ita ce manyan ayyuka, wato matatar man fetur ta Damagaram, madatsar ruwa ta Kandaji, gada ta biyu ta Yamai, da ramin uraniyom na Imuraren. Aka ce wanda ya aza tubali shi ya kamata ya ida gini.

Ga yadda abin ya bi. Ran 25 ga Mayu 2009 kotun tsarin mulki ta ce zaɓen raba gardama da shugaba ke son kira ya saɓa ma doka. Washegari ya rushe majalisar dokoki, dapitoci kowa ya kama hanyar gida. Ran 12 ga Yuni kotu ta soke takardar kiran zaɓen. Ran 26 ga Yuni ya ce ƙasa tana cikin haɗari, ya tattara iko a hannunshi. Ran 29 ya rushe kotun kanta, wadda wata mace, Fatimata Bazey, ke shugabanta, daga baya ya naɗa wasu alƙalai. Ran 4 ga Agusta aka yi zaɓen, ƴan adawa suka ƙaurace, hukuma ta ce sama da 92 cikin 100 sun yarda a ƙara mashi shekara 3. Ran 18 ga Fabrairu 2010, ana tsakiyar taron ministoci, sojoji suka shigo da bindiga. Daga rushe majalisa zuwa wagga rana ko wata 9 bai cika ba.

To ayyukan fa? Gada ta biyu an buɗe ta a 2011. Matatar Damagaram ta fara tace mai a Nuwamba 2011, Tanja ba shi bisa kujera. Kandaji da aka aza tubalinta a 2008, shekara 15 bayan haka ba a ida ta ba, duk da shugabannin da suka zo suka wuce. Imuraren kuwa an dakatar da shi a 2014 da kuɗɗin uraniyom suka faɗi a kasuwar duniya. Waɗanda suka ƙare sun ƙare ba tare da shi ba. Waɗanda suka tsaya, abin da ya tsayar da su ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ko wane ne.

Amsata ke nan ga tambayar farko: ya sauka. Amma na san ba ka gamsu ba tukuna. Za ka ce, in talakawa da kansu suka ce ya zarce, ina laifi? Ba muryar jama'a ce dimokuraɗiyya ba?

Dubi burtali. Da rani ake shata shi, manoma da makiyaya da mai gari suna zaune, lokacin da ba wanda shanu suka ci ma hatsi, ba wanda ranshi ke ɓace. In damina ta faɗi, wani manomi ya ce shi mutumin kirki ne, iyalinshi sun yi yawa, a bar shi ya noma burtali bana kaɗai, ko da rabin gari sun goya mashi baya, ba a yarda. Domi? Don in an buɗe ma na kirki bana, baɗi mugu zai shigo ta ƙofar, ya ce ai an yi ma wane. Ayar wa'adi haka take. An rubuta ta a 1999 kafin a san wa zai ci zaɓe, shi ya sa kowa ya yarda da ita. Ranar da aka ce za a sake ta don mutum ɗaya, shina bisa kujera, rediyon gwamnati da gwamnoni da jandarmomi duk suna ƙarƙashinshi, ya kuma kori alƙalan da suka ce a'a, to wagga ƙuri'a ba a yi ta da rani ba.

Kakanninmu sun san wani abu a kan haka. Sarkin Katsina na Maraɗi ba shi kaɗai ke riƙe da ƙasa ba. Akwai manya huɗu, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, su ke zaɓen sarki, kuma sarki ya san in suka haɗa baki gadonshi shina rawa. A Tibiri, cikin gundumar Gidan Runji, akwai Taran Gobir, ga kuma Inna da tata fada da nata iko. Ban ce zamanin da aljanna ne ba. Akwai bauta, akwai hari, talaka ba shi da ƙuri'a. Amma kada wani ya ruɗe ka da cewa taka ma shugaba birki al'adar Turawa ce.

Yanzu mu saurari masu ɗayan ra'ayin, don hujjarsu ba ƙarama ba ce. Sunan da suke kawowa kullum shi ne Seyni Kunce. Ni ban ga zamaninshi ba, amma a ajinmu na yaƙi da jahilci in aka ambace shi sai ka ga dattawa sun gyara zama. Ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, ƙasa tana cikin yunwa, ana zargin mutanen gwamnatin Jori Hamani da karkatar da taimakon da aka kawo. Ya sa aka raba cimaka. Ya kan faɗo ma'aikata ba sanarwa. Wanda ya ci kuɗɗin gwamnati ya sha ɗauri, ma'aikaci ya san ƙarfe nawa ake buɗe biro. Ba majalisa, ba jam'iyya, ba jaridar da ke musa mashi. Dattawa suna cewa: ka gani? Da aka bar mutum ɗaya da iko duka, aiki ya tafi.

Gaskiya ne aiki ya tafi. Amma nawa aka biya? Jori ya yi shekaru tsare ba shari'a. Jibo Bakari ya komo gida, a 1975 aka kama shi. Sani Suna Sido, mataimakin Kunce da suka yi juyin mulki tare, a tsare ya mutu. Mutane sukan waiga kafin su yi magana. Ka ajiye wanga duka gefe ma, akwai wani abu. A makarantar horon malamai an koya mana bambanci tsakanin aji mai shiru da aji mai karatu. Mushe mai bulala, ajinshi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kira shi waje minti biyar ka saurara. Kunce ya rasu a Faris ran 10 ga Nuwamba 1987, kuma dattawan nan su ke ba da labarin yadda tarbiyyar ma'aikata ta fara sakwarkwacewa ba da jimawa ba. Tarbiyyar tana cikin tsoron mutum ɗaya, tsoro kuwa ba a gadonshi. Kuma ka tuna, ba mu muka zaɓi Kunce ba. In ya yi kirki, dace muka yi. Ƙasa ba ta aza cin abincin ɗiyanta bisa dace.

Hujja ta biyu ta fi nauyi a wurina, ita ce ta 1995. Bayan babban taron ƙasa na 1991, kundin Disamba 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, wanda sai da goyon bayan masu rinjaye a majalisa shike zama. Mahaman Usman ya ci zaɓe a 1993. A 1994 ƙawancen da ya kawo shi ya tsage, Mahamadu Isufu ya ajiye aikin firaminista. Aka sake zaɓen dapitoci a Janairu 1995, ƴan adawa suka samu rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista. Gida ɗaya, maigida biyu. Aka shiga ja-in-ja kan wa ke kiran taron ministoci, wa ke naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati. Duk wanga ana yinshi bayan an karya darajar kuɗɗin sefa da rabi a Janairu 1994, ma'aikata suna bin albashin watanni, lekol tana rufewa da yajin aiki. Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki, kuma mutane da yawa ba su yi kuka ba.

Wanga ya nuna birki kaɗai ba ya tafiyar da mota. Ƙasa tana bukatar mai jan gaba, wanda zai ce bana ga abin da za mu sa gaba, ya zaɓi mutanen aiki, ya tsaya a kai. Amma dubi maganin da aka sha. Ba'are ya kawo kundin 1996 da ya mayar da iko hannun shugaba. A zaɓen Yuli 1996 aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar ƙidaya. Ran 9 ga Afrilu 1999 masu tsaronshi suka harbe shi a filin jirgin Yamai. Tara iko wuri ɗaya bai kawo zaman lafiya ba. Shi ya sa waɗanda suka rubuta kundin 1999 da na 2010 suka komo ga rabon iko, sai dai suka ƙara bayyana aikin kowa don kada a maimaita 1995.

Babban dalilina kuwa na tsayawa bayan majalisa da kotu da jarida, mu mutanen jahar Maraɗi mun fi kowa saninshi, don a bayan uwayen ɗiyanmu aka rubuta shi.

Shugaba ba ya ganin ƙasa da idonshi. Da idon waɗanda ke kewaye da shi shike gani, kuma wanda tuwonshi ke hannunka ba ya son kawo maka mugun labari. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka wasu wurare. A 2005 hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, buhu ya kusa jika 30 a wasu kasuwanni, awaki kuma suka faɗi warwas. Jaharmu da ake kira rumbun ƙasa ita ta zama cibiyar tamowa. Likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe wuraren kwantar da yara, har nan Agiye, kuma cikin wagga shekara kaɗai sun yi ma yara sama da 60,000 magani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Gwamnati da farko ta tsaya bisa saida cimaka da rahusa, alhali wanda ya saida akuyarshi ta ƙarshe ko rahusar ba shi iya saye. Rabon kyauta sai tsakiyar damina aka shiga yinshi sosai. A watan Agusta shugaba Tanja ya gaya ma BBC cewa ba yunwa a ƙasarshi, mutanen da ake gani a ƙoshe suke.

Ban ce mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Mutum ne mai kishin ƙasa, ya ƙi jinin a nuna Nijar tana bara. Amma kishi bai cika tukunya ba. Su wa suka fito da maganar fili? Rediyoyi masu zaman kansu, ƴan jarida, ƙungiyoyin farar hula, likitocin waje, wato mutanen da shugaba ba shi iya kora daga aiki da sa hannu ɗaya. A cikin wagga shekara ma, da aka aza harajin 19 cikin 100 bisa kayan masarufi kamar madara da garin alkama da ruwa da wuta, ƙungiyoyi suka kira a rufe kasuwanni a watan Maris, aka kama shugabanninsu, amma a Afrilu gwamnati ta janye mafi yawan harajin. Wasu sun ce ta ji kunya. Ni ina ganin ranar ta yi aikin gwamnati. A 2008 kuwa aka dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi, a 2009 aka rushe majalisa da kotu. Kunnuwan da ke kawo labari ana toshe su ɗaya bayan ɗaya. Don a yi adalci, sai in faɗa maka cewa a 2010 soja ne, Salu Jibo, ya fito ya ce akwai yunwa, a kawo taimako. Ashe ƙuri'a kaɗai ba ta ba shugaba kunne.

To in oda ba ta isa ba, mi ne ne jagorancin shugaba? Fita bayan gari ka duba gonaki.

Tun zamanin Turawa, har dokar daji ta 1974, itace mai daraja kamar gawo a hannun hukuma shike, ko da tsakiyar gonarka ya tsiro. Ka sare reshe, ga tara. Sai manomi ya ga dabara ita ce ya kashe tsiron tun shina ƙarami, kafin ya girma ya jawo mashi magana. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka, mata suna dafa tuwo da kara da kashin shanu. A watan Mayu 1984 Kunce ya kira babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Taron ya yi amfani, don ya juyo da fuskar ƙasa duka wajen matsalar. Amma itatuwan da aka dasa da oda, da yawansu sun mutu. Itacen kowa ba shi da mai ban ruwa.

Lokacin nan wani mutumin Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwoyinsu suna raye ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi tsiro biyu ko uku ya bari, ya sassabe sauran, ya riƙa gyara masu rassa, itace zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Shi ne sassabin zamani. A yunwar 1984 aka yaɗa shi da ba da cimaka don aiki. Da cimakar ta ƙare, da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga hatsinsu bai ragu ba, ga itacen wuta, ga abincin bisashe, ga na saidawa. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Ma'aikatan daji kuma suka sassauta hannu, manomi ya fara yarda cewa kalgo da sabara da gawon gonarshi nashi ne. A nan ƙasar Agiye, garin Ɗan Saga ya yi suna: da taimakon wani shiri na asusun FIDA, mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itace, da maza da mata da makiyaya, suka aza dokokinsu, suka riƙa hukunta mai saran dare. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta eka miliyan 5, irin ta hekta, ta sake yin itace a Nijar, wajen itace miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram.

Doka a baya ta biyo. Dokar karkara ta 1993, dokar daji ta 2004, sa'an nan a 2020 shugaba Isufu ya sa hannu ga takardar da ta tabbatar ma manomi haƙƙinshi bisa itacen da ya rena. Daga taron Maraɗi zuwa wanga sa hannu, shugabanni 8 suka zauna bisa kujera, aka yi juyin mulki 3. Aikin bai tsaya ba, kuma ba wanda ya ce sai an yi mashi tazarce kafin gawo ya girma. Abin da magabata suka yi mai amfani shi ne nuna matsalar, da ɗage hannu daga wuyan manomi, da rufe abin da doka don kada wani ya zo gobe ya ƙwace. Kwatanta shi da ɗakin maganin da aka gina da oda aka bari ba ma'aikaci.

Mu malaman karatun manya mun san wanga a aikinmu. Yaro ana iya kora shi lekol. Magidanci mai gemu, da mata da ɗiya, wa zai kora shi? In ya ga amfanin karatu, ya ga zai iya duba awon tiya da takardar bashi da kanshi, zai zo ko ya gaji da noma. In bai gani ba, ko sarki ya yi shela, kwana uku benci ya zama wayam. Shugaban da aka zaɓa malamin manya ne. Wani masani a Amurka, Richard Neustadt, ya rubuta littafi a 1960 kan shugabannin ƙasarsu, inda ya nuna cewa ƙarfin shugaba na gaske shi ne iya shawo kan mutane, dapitoci da ministoci da ma'aikata da talakawa, har su ga abin da shike so shi ne amfaninsu. In haka take a ƙasa mai wagga dukiya da sojoji, ina ga tamu, inda oda ke barin Yamai ta yi tafiyar kilomita sama da 700 kafin ta iso Gazawa?

Wasu ƙasashe sun sha wagga gardama sun fita lafiya. A Amurka, bayan Roosevelt ya ci zaɓe sau 4 ya mutu bisa mulki a 1945, suka rubuta wa'adi biyu cikin kundinsu a 1951, ko da shike mutane da yawa suna ƙaunarshi. A Najeriya, nan ƙetaren iyaka, majalisar dattawa ta yi watsi da shirin ƙara ma Obasanjo wa'adi na uku a watan Mayu 2006, ya sauka a 2007, ba a harba bindiga don haka ba.

Mu ma mun taɓa gani. Kundin 2010 ya ƙara ɗaure ayar wa'adi, kuma ran 2 ga Afrilu 2021 Isufu ya miƙa ma Bazum Mohamed mulki, karo na farko tun 1960 da zaɓaɓɓe ya miƙa ma zaɓaɓɓe, ko da shike ƴan adawa ba su yarda da ƙidayar ba. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani, aka jingine kundin. Juyin mulki na 5 ke nan. A watan Maris 2025 aka kafa wata sabuwar takardar mulki da ta ba shi shekara 5, aka rushe jam'iyyu. Wanga ya nuna kiyaye wa'adi kaɗai bai isa ya tsare ƙasa ba, in talaka bai ga abin da majalisa da kotu suka tsinana mashi ba har da zai damu in an rufe su.

Ko ba jima ko ba daɗe za a sake rubuta wani kundi, a fassara shi da Hausa, a ce ka je ka jefa ƙuri'ar i ko a'a. Da can karanta maka ake yi, mai karantawa kuma ya tsallake inda ya ga dama. Yanzu ka iya da kanka. Nemi ayar da ta faɗi shekara nawa shugaba zai yi, ka duba ko an bar wata ƙofa ta baya. Nemi wadda ta faɗi wa ke iya tsige alƙalin babbar kotu. Duba wa ke da ikon bincika kuɗɗin da aka kashe da sunan shugaba, da kuma abin da aka ce game da rufe rediyo ko jarida. In ka gamu da kalmar da ta fi ƙarfinka, rubuto ta a takarda ka kawo aji, mu aza ta bisa allo mu warware ta tare.